Me Ya Cinye Ɓargon Yaran Zurich?

Su uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu maza. Kawunansu ƙanana ne, fatarsu ta fi ta danginsu duhu, amma hankalinsu garau. Kowannensu da ya shiga tsakanin shekara 5 da 7 sai jini ya fara ƙarewa a jikinsa: ya ɗashe, ya riƙa galabaita, jini ya riƙa kwanciya a ƙarƙashin fatarsa ba tare da ya bugu da komai ba. Ɗaya bayan ɗaya suka rasu. Likitan da ya rubuta labarinsu a 1927 shi ne Guido Fanconi na asibitin yara na Zurich a Suwizalan, yana ɗan shekara 35 a lokacin.

Da ya duba jininsu a madubin likita sai ya ga jajayen ƙwayoyin sun yi ƙaranci, kuma waɗanda suka rage ɗin sun fi ƙa'ida girma. Wannan kamanni likitocin zamanin sun san shi a wata cutar ƙarancin jini ta manya, wadda shekara guda kafin nan Minot da Murphy a Boston suka nuna cewa cin ɗanyar hanta yana warkar da ita. Daga baya aka gane bitamin B12 ne jikin masu ita ba ya samu. Fanconi ya sa wa abin da ya gani suna mai nuna cewa ya yi kama da waccan, bai ce ita ce ba, kuma ya yi daidai da ya tsaya a nan. Waccan ta tsofaffi ce, wannan ta yara. Waccan ba ta zo da ƙaramin kai ba. Kuma yara uku a ɗaki ɗaya, ai ruwa ba ya tsami banza. A 1931 masanin jini Otto Naegeli ya ba da shawarar a riƙa kiran cutar da sunan Fanconi, sunan ya zauna.

Matsalar a ɓargo take. Ɓargon nan da ake zuƙa a ƙashin miya, a jikin mai rai shi ke haifar da jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙar cuta, da ƙananan da ke tsayar da jini idan an yanke. A jikin baligi jajaye kaɗai kimanin miliyan 2 ake yi a kowace daƙiƙa. Duk wannan yana fitowa ne daga wasu 'yan tsirarun iyayen ƙwayoyin jini da ke kwance a cikin ɓargon, waɗanda mutum ke lallaɓawa da su tun daga ciki har tsufa. A yaran nan iyayen ne ke ƙarewa, kitse ya maye gurbinsu. Shi ya sa sau da yawa abin da uwa ke fara gani haɓo ne da jinin dasashi, sai ɗashewa, sai zazzaɓin da ba ya jin magani.

Da labarai suka riƙa taruwa daga ƙasashe daban-daban, sai wata alama ta yi ta maimaita kanta: babban yatsan hannu. Wani yaron an haife shi ba shi da shi, wani nasa ɗan tsurut yana reto, wani biyu ne a hannu ɗaya. Wani kuma ƙashin hannun da ke ɓangaren babban yatsan ne ya gajarce, ko babu shi gaba ɗaya. Ga gajarta, ga tabo-tabo masu ruwan ƙasa a fata, wani lokaci ƙoda ɗaya, ko biyun a manne. Yadda cutar ke bin gidaje ya nuna gado ce ta ɓangare biyu, irin yadda sikila take: uwa da uba lafiyarsu ƙalau, kowanne yana ɗauke da rabi, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ɗan ya haɗa biyun. To amma me ya haɗa yatsa da ɓargo? Yatsa tun watanni biyun farko na ciki aka gama tsara shi, ɓargo kuwa sai yaro ya isa shiga makaranta yake gazawa. Tambayar ta kusa shekara 40 ba a ko kama bakin zarenta ba. Abin da likita ke iya yi shi ne ƙarin jini, sai kuma daga 1959 magungunan da aka samo daga sinadarin mazantaka, waɗanda ke zaburar da ɓargon kamar rabin yaran na wani lokaci.

Sai a 1956 aka tabbatar cewa kuromosom 46 ne a ƙwayar halittar mutum, wato ƙunshe-ƙunshen da saƙon gado ke naɗe a ciki. Daga nan masu bincike suka shiga leƙa kuromosom ɗin masu kowace irin cuta ta gado. A 1964 Traute Schroeder da abokan aikinta a Heidelberg ta Jamus suka duba na wasu 'yan'uwa masu cutar Fanconi. Lissafin ya cika, 46 ne. Amma a karye suke: wani ya tsinke, wani ya gutsure, wani ya je ya manne da wanda ba nasa ba. Ba wanda ya haska musu wuta ko ya zuba musu guba. Haka kawai suke karyewa.

Shekara 9 bayan nan, a Japan, Sasaki da Tonomura suka yi tambayar da ta dace: shin komai ne ke karya su, ko wani abu ne takamaimai? Suka gwada abubuwa iri-iri masu lalata DNA, wato saƙon gadon da ke naɗe a cikin kuromosom. Da yawansu ba su yi wa ƙwayoyin masu cutar wata ɓarnar da ta wuce ta kowa sosai ba. Amma da aka ɗiga musu ɗan kaɗan na mitomycin C, wani maganin sankara, da sinadarai masu aiki irin nasa, sai kuromosom ɗin suka yi rugu-rugu, alhali na mai lafiya sun jure.

Aikin waɗannan sinadarai shi ne ƙulli. DNA kamar igiya ce mai tufka biyu, kuma duk lokacin da ƙwaya za ta rabu gida biyu dole a warware tufkar a kwafi kowane zare. Mitomycin yana ɗaure zaren biyu da juna a wuri guda, mai warwara ya zo nan ya tsaya cik. Ƙwayar mai lafiya tana da ma'aikatan da ke yanke ƙullin su ɗinke wurin. Ta mai cutar Fanconi ba ta da su, sai igiyar ta tsinke.

Arleen Auerbach, wadda ta yi aikinta a Jami'ar Rockefeller ta New York, ita ta mayar da wannan rauni ya zama gwaji. A ɗebi jinin yaro, a raya fararen ƙwayoyinsa, a sa musu wani sinadari mai ƙulli da ake kira DEB, a ƙirga karaya. Har yau da wannan gwajin ake tabbatar da cutar. A 1982 ta buɗe rajistar masu cutar ta duniya, kuma rajistar ta tono abin da ba a zata ba: wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ita ba su da wata nakasar da ido ke gani. Yatsunsu lafiya, tsayinsu daidai. Ashe waɗanda ake ta rubuta labarinsu su ne kawai waɗanda cutar ta fito wa fili.

Wannan binciken ya kuma warware wani bala'i da ke faruwa a ɗakunan dashe. A shekarun 1970 dashen ɓargo ya fara yaɗuwa, kuma yaran da ɓargonsu ya mutu saboda wasu dalilai suna warkewa da shi. Ƙa'idar ita ce a fara share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, cyclophosphamide, sannan a zuba sabon. Da aka bi da yaran Fanconi ta wannan hanya sai bakinsu da hanjinsu suka riƙa saɓulewa, da yawa suka mutu ba ta dalilin cutar ba, ta dalilin shirin maganinta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin shi ma wannan magani ƙulli yake yi, kuma ba a ɓargo kaɗai ba, a ko'ina cikin jiki. Eliane Gluckman ta asibitin Saint-Louis a Paris ta gwada maganin a kan ƙwayoyin yaran, ta ga yadda suke tarwatsewa, ta rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma, daga miligiram 200 a kowane kilo zuwa 20, ta haɗa da ɗan hasken radiyeshon kaɗan. Yara suka fara fita daga ɗakin dashe da ransu. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da fludarabine, wanda ke kwantar da garkuwar jiki ba tare da ƙulla DNA ba, dashe daga wanda ba ɗan'uwa ba ma ya fara yin kyau.

A hannun Gluckman ɗin ne kuma aka yi abin da ya wuce cutar Fanconi ya shafi duniya. Wani yaro ɗan shekara 5 daga jihar North Carolina ta Amurka yana buƙatar dashe, mahaifiyarsa na da ciki. Samun ƙani ko ƙanwar da ba ta da cutar kuma jikinta ya dace da na mara lafiya sa'a ce ta 3 cikin 16. Auerbach ta gwada tun jaririyar tana ciki, ta tarar an dace ta duka fuskokin. Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiana ya daɗe yana cewa jinin da ke saura a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa, wanda asibitocinsu ke zubarwa, mu kuma muke binnewa a bayan ɗaki, cike yake da iyayen ƙwayoyin jini. Ranar haihuwa aka tatse jinin cibiyar, aka daskarar da shi, aka kai shi Paris, aka ɗura wa yaron a watan Oktoba na 1988. Ya kama. Shi ne dashen jinin cibiya na farko a duniya, kuma yaron ya girma har ya yi iyali da jinin ƙanwarsa a jikinsa.

An iya gano cutar ke nan, an kuma iya sauya ɓargon. Saura sanin wace ƙwayar gado ce ta lalace. Manuel Buchwald a asibitin yara na Toronto ya bi wata dabara mai sauƙin faɗi: a ɗauki ƙwayar mara lafiya guda, a narkar da ita cikin ta wani mara lafiyar su zama ɗaya. Idan abu ɗaya ne ya lalace musu, haɗin ma zai fito da rauni. Idan kuwa kowa da abin da ya rasa, wannan zai cike wa wancan, haɗin ya jure wa mitomycin. Wasu haɗe-haɗen suka warke. Ashe ba ƙwayar gado ɗaya ake nema ba. A 1992 ɗakin bincikensa ya kamo ta farko, FANCC. A 1996 aka samo FANCA, wadda ita ce matsalar kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar. Yau an san sama da 20, duk aiki ɗaya suke yi hannu da hannu: wasu su gano ƙullin, wasu su yi shela, wasu su yanke, wasu su ɗinke. Ko wacce ta faɗi, aikin ya tsaya.

A 2002 allura ta tono garma. Ɗakin binciken Alan D'Andrea a Boston ya gano cewa ɗaya daga cikin waɗanda ake nema ba baƙuwa ba ce: BRCA2 ce, wadda aka riga aka sani da jawo sankarar mama da ta ƙwan mace a wasu dangogi. Wanda ya gaji lalatacciya ɗaya yana cikin haɗarin sankara a girmansa. Wanda ya gaji biyu yana samun cutar Fanconi mai tsanani tun yana ƙarami. Cutar da ake gani ta 'yan tsirarun yara ta koma tsakiyar binciken sankara.

Duk da haka akwai giɓin da, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci, kuma an daɗe ana tsallake shi. Yaran Zurich ba su taɓa shan mitomycin ba. Ba a ma gano shi ba sai a shekarun 1950. DEB a kwalba yake a ɗakin gwaji. In dai ƙulli ne ke kashe ɓargon, wa ke ƙulla shi a jikin yaron da bai sha komai ba sai nono da abinci? Ɓeraye ma suka ƙara dagula lissafin. An cire musu ƙwayar gadon Fanconi, ƙwayoyinsu suka zama masu tsoron mitomycin kamar na yaran, haihuwarsu ta ragu, amma galibinsu ɓargonsu bai mutu ba.

Ketan Patel da ɗalibansa a Cambridge ta Ingila suka juya tambayar: a bar duba waje, a duba abin da jiki da kansa ke samarwa wanda zai iya ɗaure zare biyu. Zargi ya faɗa kan wasu ƙananan sinadarai da ake kira aldehaid. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne asetaldehaid, wanda barasa ke rikiɗewa ta zama a hanta, shi ke kawo ciwon kai da tashin zuciyar mashaya. Jiki yana da mai share shi, wani sinadari mai suna ALDH2. Sai suka yi tunanin ko kariya biyu ce a jere: ta farko ta kwashe gubar kafin ta isa DNA, ta biyu ta gyara abin da ya kuɓuce. In haka ne, ɓeran da ya rasa ta biyu kawai zai iya lallaɓawa da ta farko.

Suka cire wa ɓeraye duka biyun, sakamakon ya fito a 2011. Idan uwar ɓeran ita ma ba ta da ALDH2, cikin ba ya kaiwa. Idan tana da shi, jikinta na share wa ɗan tayin gubar har a haife shi. Waɗanda aka haifa ɗin, 'yar barasa kaɗan ta isa ta rusa musu ɓargo, kuma ko ba a ba su komai ba suna kamuwa da sankarar jini. A shekarar da ta biyo aka ƙirga iyayen ƙwayoyin jininsu, aka tarar sun ragu fiye da ninki 600. Ɓera ya yi cutar yaran sosai ke nan, kuma ba da gubar kanti ba.

Ɓera dai ɓera ne. Shaidar mutum daga Japan ta zo, inda Allah ya riga ya shirya gwajin. Miliyoyin mutanen gabashin Asiya sun gaji ALDH2 mai rauni, shi ya sa fuskar wasunsu ke yin ja da sun kurɓi giya. A Japan sun kai kusan kashi 40 cikin 100. A 2013 Minoru Takata na Kyoto da abokan aikinsa suka duba masu cutar Fanconi 64. Waɗanda suka haɗa da raunin ALDH2 ɓargonsu ya fi saurin gazawa, 'yan kaɗan ɗin da suka gaji raunin ta uwa da uba kuwa tun suna jarirai ya gaza. Jarirai ba sa shan giya. Gubar a cikin gida ake yin ta.

A 2015 ɗakin Patel ya kamo wanda ya fi wancan haɗari: fomaldehaid, wato fomalin ɗin da ake adana gawa da shi. Jikin kowannenmu yana yin sa kullum, a wajen sarrafa bitamin folet da wajen kunnawa da kashe ƙwayoyin gado, sai wani mai shara da ake kira ADH5 ya kwashe. Ɓerayen da aka cire wa ADH5 tare da kariyar Fanconi ba su wuce 'yan makonni ba ɓargonsu ya rushe. Sai a 2020 hujjar ta zo ta ɗaya gefen. Aka samu wasu yara, mafi yawansu a Japan, masu gajarta da mutuwar ɓargo da sankarar jini, amma ƙwayoyin gadonsu na Fanconi lafiya lau. Abin da suka rasa shi ne masu sharar biyu, ADH5 da ALDH2. Masu gyara suna nan, ɓarnar ce ta fi ƙarfinsu.

Da wannan labarin yaran Zurich ya haɗu. Tun suna ciki, lokacin da ƙwayoyi ke rabuwa da gaggawa ana tsara hannu da ƙoda da kai, ƙulli yake kashe wasu, sai gaɓar da abin ya faɗa wa ta fito da tawaya. Iyayen ƙwayoyin jininsu ma tun haihuwa ba su cika ba. Kowace ta yi yunƙurin rabuwa ta ci karo da ƙulli, wani mai gadi a cikin ƙwayar da ake kira p53 ya tsayar da ita ko ya kashe ta, don kada ta haifi ɓarna. A hankali ajiyar ke raguwa har ta kasa, galibi wajen shekara 7. Wadda ta kuɓuce wa mai gadin da karyayyen kuromosom kuwa, ita ke zama sankarar jini.

Kada a ɗauka cutar Turawa ce. A Amurka ana ƙiyasta ɗa 1 cikin kusan 130,000, amma a tsakanin baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu ta kai 1 cikin 40,000. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na marasa lafiyarsu harafi 7 iri ɗaya na saƙon gado suka rasa a ƙwayar gadon FANCG, gadon kaka guda da ya yaɗu har Mozambik da Malawi. A wurinmu, inda auren zumunci ya yawaita, kowace cutar da ke buƙatar rabi daga uwa rabi daga uba tana samun hanya cikin sauƙi. Yaron da jininsa ke yawan ƙarewa, zargin farko maleriya ne, na biyu sikila, kuma mafi yawan lokaci zargin daidai ne. Amma idan gwajin sikila ya fito babu, ana ta ƙarin jini yana zurarewa, ga haɓo, fararen ƙwayoyi da masu tsayar da jini su ma sun faɗi, to a kama hannunsa a duba babban yatsa, a tambayi uwa ko ya taɓa rasa wa ko ƙane da irin wannan. Wannan ba ya buƙatar na'ura. Kuma yana da nauyi, domin maganin da ake bai wa sauran masu mutuwar ɓargo, na danne garkuwar jiki, ba ya yi wa mai Fanconi aiki, ɗan'uwan da za a ɗebi ɓargonsa ma sai an gwada shi, kada a dasa cutar a kan cutar.

Gwajin jinin ma wani lokaci yakan ruɗi likita. A wasu masu cutar, uwar ƙwayar jini guda takan gyara kuskurenta da kanta bisa sa'a, 'ya'yanta su fi sauran ƙarfi su mamaye ɓargon, jinin ya fito kamar na mai lafiya, sai an gwada ƙwayoyin fata a ga gaskiya. Masu bincike a Madrid, Juan Bueren da Paula Río, suka ga darasi a nan. Suka ɗebi iyayen ƙwayoyin jinin yara masu matsalar FANCA, suka saka musu lafiyayyar ƙwayar gadon a ɗakin gwaji, suka mayar musu ba tare da an share ɓargon da kowane magani ba. A rahotonsu na 2019 kan yara 4, gyararrun ƙwayoyin sun riƙa ƙaruwa da kansu wata bayan wata.

Sai dai dashe ko gyara, ɓargo kaɗai yake sauyawa. Fatar baki da harshe da maƙogwaro da al'aura tana nan da rauninta, kuma yaran da aka ceto suna girma su tarar da sankarar waɗannan wurare tana jiran su tun suna shekara 20 zuwa 30, da haɗarin da ya ninka na sauran mutane sau ɗaruruwa. Magungunan sankarar da aka saba da su, irin su cisplatin, ƙulli suke yi, jikinsu ba ya ɗauka, don haka abin dogaro shi ne a gano ta tana ƙarama a yanke. Shi ya sa ake hana su taba da barasa, har da ruwan kurkure baki mai barasa a ciki, ake yi musu rigakafin ƙwayar cutar HPV, kuma tun suna wajen shekara 10 likita ke buɗe bakinsu duk bayan wata 6 yana duba gefen harshe da dasashi.